Facin Daƙiƙa Arba'in

Likitan dabbobin da muke aiki tare ne ya gano kuskuren. Ya kira ni da hantsi, muryarsa a kwance, ya ce in buɗe manhajarmu in saurari darasi na sha bakwai. Na saurara. Muryata ce, tsaf da ita, tana cewa a ɗura wa ɗan akuyar da bai kai wata huɗu ba maganin tsutsar ciki, layi biyar na sirinji. Ya ce in sake saurara. Na sake.

"Malam," in ji shi, "layi biyar na babban rago ne. Ɗan akuya layi ɗaya ne."

Na ɗauko takardar da ya rubuta mini tun bara. Rubutunsa daidai yake. Idona ne ya tsallake layi ɗaya a jadawalin ranar da nake karantawa.

Sama da shekara ashirin na yi ina karanta labarai a gidan rediyo. Bayan na ajiye aiki, mu uku muka haɗu muka yi wata 'yar manhajar waya saboda matan da ke kiwo a gida. Likita yana rubuta darasi, ni ina karantawa, wata injiniya da ke zaune a cikin birnin Kano tana haɗawa. Ba sai mace ta iya karatu ba. Ta taɓa hoton akuya ko na tunkiya, ta ji bayani da Hausa. Ba ta kuma bukatar sabis, domin muryoyin duka suna cikin wayar.

A ƙauyenmu, tsakanin Bagwai da madatsar ruwan Watari, yayata ce ta shigar da ita gidaje. Mijinta ya rasu da daɗewa, ta manyanta, babu gidan da ba ta shiga. Inda ni ba zan wuce zaure ba, ita har ɗakin uwar gida take zama. Wata bakwai ta yi tana tura manhajar daga wayarta zuwa wayoyin mata, waɗanda ta ba su ma suna ba wa wasu.

Damina ta faɗi a lokacin, an yi shuka, an ɗaure dabbobi a gida saboda kada su shiga gonaki. A irin wannan lokaci ne matan suke haɗuwa su aika kasuwa a sayo musu kwalbar magani, washegari da safe kowa ta ɗura wa nata. Saura kwana shida kasuwar ta ci.

Na kira Yaya na gaya mata.

"Biyar ɗin kashe su zai yi?"

"Likita ya ce ƙanana na iya mutuwa."

"Innalillahi. To ni na kai musu abin nan da ƙafata."

Na ce ta zaga ta gaya musu da baki. Ta ce za ta zaga, amma wadda ta gani kawai za ta gaya wa, ba ta san iyakar inda abin ya kai ba. Sannan ta ce, "Kuma in na ce ɗaya, waya ta ce biyar, wa kake gani za su bi? Kai ne ka shekara ashirin kana koya musu abin da ya fito daga akwati shi ne gaskiya."

Saƙon baki yana wucewa, manhajar kuwa tana nan, gobe za a tura wa wata da kuskuren a ciki. Dole a gyara abin da ke cikin wayoyin.

Da azahar ina ofishin Injiniya, wani ɗaki ne a bayan gidanta, da kwamfuta biyu da fanka. Na ce mata mu gyara darasin mu sake tura manhajar gaba ɗaya. Ta tambaye ni ko na tuna girmanta. Mega casa'in ne. Ta tambaye ni inda ake samun sabis ɗin intanet a ƙauyenmu. Na ce a kan tudun makarantar firamare, in an yi sa'a. Ni da kaina na taɓa tsayawa a wurin rabin yini ina jiran hoto ɗaya ya buɗe. Turawa daga waya zuwa waya kuma tana cin lokaci, ga shi yawancin wayoyin a cike suke. Abin da ya ɗauki wata bakwai yana yaɗuwa ba zai sake zagayawa cikin kwana shida ba.

"To ba duka za mu tura ba," in ji ta. "Bambancin za mu tura."

Ta yi mini bayani. Za a ajiye tsohon bugu da sabon bugu gefe da gefe, kwamfuta ta bi su tana kwatantawa. Inda suka yi daidai, sai ta rubuta umarni kawai: daga nan zuwa nan, a bar shi yadda yake. Inda suka saɓa, sai ta ɗauki sabon ta ajiye. Abin da zai fito ɗan ƙaramin fayil ne, shi kaɗai ba ya yin komai, amma in ya haɗu da tsohuwar manhajar sai ya mayar da ita sabuwa. Tun farko ta bar wa manhajar hanyar karɓar irin wannan fayil, ba mu dai taɓa bukatarsa ba.

Wannan na fahimce shi da wuri. A rediyo, in ka faɗi sunan gari ba daidai ba a labaran safe, ba ka sake karanta labaran duka. Jimla ɗaya kake yi: a labarin da muka kawo muku, gari kaza ne, ba gari kaza ba. Mai sauraro yana da sauran a kansa.

Na shiga ƙaramin ɗakin da muke naɗar murya na sake karanta darasin. Daƙiƙa arba'in ne. Da na fito na ce mata tun da an buɗe aiki, akwai darasi na huɗu da numfashina ya fito, da na tara inda na ja wata kalma fiye da kima.

"Malam, don Allah ka bar su."

"Minti biyar ne."

"Duk abin da ka taɓa sai ya hau ma'auni. Numfashinka bai kashe akuyar kowa ba."

Na bar su.

Gwajin farko ya ba mu kunya. Fayil ɗin bambancin ya fito mega tamanin da wani abu, kusan girman manhajar kanta. Na ce ko kwamfutar ce ta rikice. Injiniya ta dafe goshi ta ce laifinta ne, ta manta cewa a matse ƙunshin yake. Don a rage girma, akan matse fayilolin wuri ɗaya, kuma irin matsewar da ta yi amfani da ita tana ɗaure na gaba da na baya. In aka canza abu kaɗan a tsakiya, duk abin da ya biyo bayansa sai ya canza kama, ko da a kunne bai canza ba. Kwamfutar gaskiya ta faɗa, mu ne muka ba ta abin kwatantawa a dunƙule.

Sai ta kwance ƙunshin biyu, ta kwatanta su fayil da fayil, ta rubuta umarnin cewa wayar ma ta kwance nata, ta sa gyaran, ta sake matsewa. A karo na biyu bai kai rabin mega ba. Na daɗe ina kallon lambar.

Saura matsala ɗaya. Bugu uku muka fitar a cikin shekarar, kuma dukansu suna yawo a ƙauyuka. Gyaran da aka yanka wa bugu na biyu ba zai zauna a kan na farko ba. Ta yi guda uku ta haɗa su a fayil ɗaya. Kowane bugu yana da wata doguwar lamba da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, wadda ba ta taɓa zama ɗaya da ta wani. Manhajar za ta duba lambarta, ta ɗauki gyaran da ya dace da ita, bayan ta gama ta sake dubawa. In lambar ƙarshe ba ta fito daidai ba, sai ta koma yadda take, kada a bar mace da abin da ya lalace. Washegari muka wuni muna gwadawa a kan tsofaffin wayoyi shida da take ajiye da su a aljihun tebur, har da mai fasasshen gilashi. Duka suka karɓa.

Aikina ne in rubuta sanarwar da za ta raka fayil ɗin. Tun jiya Injiniya take kiran abin da sunansa na Turanci, wanda kunnena ya ji kamar kalmar masu gyaran taya a bakin titi. A gidan rediyo an hore mu da neman kalmar da ta dace da labarai. Mukan yi rabin awa muna gardama a kan kalma ɗaya, kuma ina cikin masu tsanani. Na zauna na rubuta: ana sanar da masu amfani da manhajar kiwo cewa an sabunta ta, a karɓi sabon bugu. Na karanta da muryar labarai, na tura wa Yaya tare da fayil ɗin. Ta hau tudun makaranta, ya sauka kafin ta gama gaisawa da mai gadi. Na yi barci da daɗi a ranar.

Da la'asar ɗin washegari ta kira.

"Sabuwar taka ba ta yi."

"Me take cewa?"

"Ba ta cewa komai. Na taɓa, na taɓa."

"Buɗe tsohuwar ki gani, ai a cikinta gyaran zai shiga."

"Wace tsohuwar? Na goge."

Ba ita kaɗai ba. Ta kunna wa mata sanarwata a gidaje goma sha ɗaya, duk wadda ta ji sabuwa ta zo sai ta goge tsohuwar don ta sama mata wuri. Haka suke yi kullum, kuma daidai ne. Wayar da ba ta da wuri, in za a sa sabon wa'azi sai an cire na da, in za a sa hotunan biki sai an cire na suna. Ni da na yi rayuwata ina auna kalma ban tsaya na tambayi kaina abin da sabo yake sa mutum ya yi ba. Yanzu mata goma sha ɗaya ba su da manhaja, ba su da gyara, layi biyar kuwa yana zaune a kansu, don sun ji shi sau da yawa.

Saura kwana uku. Da sassafe na hau mota zuwa Bagwai, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Gero ya fito ya kai taƙi, gona na manne da gona, babu inda aka bari. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana yanka wa awakinta ciyawa. Ko ruwa ba ta bari na gama sha ba.

"To, Malam mai labarai, yi mini bayani da Hausa."

"Ai da Hausa na yi."

"Da ta rediyo ka yi. Yi da ta gidan nan."

Na ce mata abin da na turo ba sabuwar manhaja ba ce. Ɗan guntu ne da aka yanka daidai wurin da ya ɓaci, yana bukatar tsohuwar don ya manne a jikinta. In babu tsohuwar, ba shi da inda zai zauna.

Ta ajiye lauje ta dube ni.

"Faci ke nan."

"Kusan haka."

"Ba kusan ba. Faci ne. To me ya hana ka ce faci? Wa ka taɓa gani ya kai keke faci ya yar da tayar a hanya?"

Na ce kalmar ba ta zauna mini a sanarwa ba, aro ce, kuma ta bakin titi. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Manhaja fa, a gadon Inna ka same ta? Sirinji fa? Kai dai a ba ka abin magana ka saka babbar riga."

Na kira Injiniya na sa ta a lasifika, na gaya mata abin da Yaya ta ce. Ita ma dariya ta yi. Ta ce, "Hajiya, wallahi sunansa ke nan a wurinmu. Kwana biyu ina faɗa masa, yana gyara mini."

Na miƙa wa Yaya wayata na ce ita za ta yi sanarwar. Ta ce ba ta iya ba. Na ce ta yi kamar tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga. Sau ɗaya ta yi, ban gyara komai ba. Ta yi sallama, ta faɗi ko ita wace ce, ta ce ƙanenta ya yi kuskure a awon maganin 'yan awaki, ɗaya ne ba biyar ba. Ta ce ga faci nan an aiko, kada kowa ta goge komai, a bar tsohuwar inda take a liƙa mata. Wadda ta liƙa ta ba maƙwabciyarta, ba ya cin wuri, ba ya cin lokaci. A ƙarshe ta ƙara da cewa wadda ta riga ta goge ta aiko da wayarta gidanta, ba abin kunya ba ne, ita ma ta goge.

Sai neman tsohuwar manhaja, domin tawa wayar sabon bugu ne na gwaji, Injiniya ta ce kada in yaɗa shi. Muka same ta a wayar wata dattijuwa maƙwabciyar Yaya, wadda cajinta ya ƙare kwana huɗu, saboda haka sanarwata ba ta same ta ba. Muka kai wa mai caji a bakin masallaci. Da ta kawo wuta na tura mata facin, manhajar ta yi ɗan jim, sannan ta buɗe. Na taɓa darasi na sha bakwai. Layi ɗaya. Wannan ne karo na farko da na ga abin ya yi aiki a wayar da ba ta aljihun tebur ba.

Daga wayar dattijuwar muka mayar wa Yaya da sha ɗayan nan tasu, cikakkiya kuma gyararriya. Wannan shi ya ci mana yini guda. Ina zaune a zaure, Yaya tana shigo da wayoyi a cikin kwano an rufe da faifai, kowace da zare ko ƙyalle a ɗaure don kada a rikita. Wasu sai da aka cire bidiyo kafin ta shiga, kuma kowane bidiyo sai an koma an tambayi mai shi.

Facin kuwa da kansa ya yi tafiyarsa. Kafin mata biyu su gama tambayar juna yara da gajiya, ya wuce daga wannan waya zuwa waccan. Ranar Juma'a maza suka tafi da shi masallatan ƙauyukan kewaye a wayoyinsu, tare da muryar Yaya. Wani mai sayar da dusa ya ce shi kaɗai ya liƙa wa tara.

Ba ko'ina muka kai a kan lokaci ba. A wata unguwa ta hayin magudanar ruwa, wata mata tana da ragowar maganin bara, ba ta jira kasuwa ba. Ta ɗura wa 'yan awakinta biyu yadda muryata ta ce. Ɗaya ya kwanta kwana biyu ya tashi, ɗayan ya mutu. Yaya ta ce ita za ta je. Na ce tare za mu.

Mai gidan ya shimfiɗa mini tabarma a zaure. Na gaya masa ni ne na yi kuskuren, ba likita ba, ba Yaya ba. Ya ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Na ce haka ne, amma ta bakina ta biyo. Muna cikin haka sai matar ta yi magana daga bayan katangar zauren.

"Malam, kai ne mai muryar?"

"Ni ne, Hajiya. Ki yi haƙuri."

"Na ji ta kuwa. Har yanzu dai kamar a waya." Sannan ta ce, "Tun da ka tako, ya wuce. Allah ya kiyaye gaba. Amma nan gaba ka riƙa karantawa sau biyu."

Na ce in Allah ya yarda sau uku, kuma likita zai saurara kafin ya fita. Ta miƙa wa Yaya wayarta aka liƙa mata. A hanyar dawowa Yaya ba ta yi mini tsiya ba ko sau ɗaya, abin da ban saba gani ba.

Kasuwa ta ci, aka sayo magani. Washegari da safe na riƙe wa Yaya 'yan awakinta uku tana ɗura musu, ɗaya ya taka mini riga da kashi a ƙafarsa. Daga gidajen maƙwabta ana jin kukan awaki, can kuma muryata tana fitowa ta kan katanga daga waya biyu ko uku, ba a tare ba. Har azahar Yaya tana zagayawa. Ta dawo ta ce ba a sami ko ɗaya da ya kwanta ba, kuma a gida biyu an ba ta fura.

Ban san wayoyi nawa ne suka rage da tsohon awon ba, kuma babu hanyar da zan sani. Abin da Injiniya ta iya yi shi ne, duk wayar da aka gyara, in za ta tura manhajar ga wata, gyararriyar take turawa.

Ina shirin komawa Kano da la'asar sai wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar gida, ƙafafunsa duk taɓo. Ya ce daga wani ƙauye yake a bayan Dawakin Tofa. Sunan ƙauyen ma ban taɓa ji ba, balle in san manhajarmu ta kai can. Ya zaro wayoyi uku daga aljihu, ta matarsa da ta mahaifiyarsa da ta wata gwaggonsa, ya ce a wurin wani suna aka kunna musu muryar wata Hajiya.

"Nan ne ake facin awaki?"

Yaya ta leƙo daga cikin gida tana gyara mayafi.

"Nan ne. Ba su dai goge komai ba ko?"

"Sun ce kin hana."

"Madalla. Ba shi tabarma," ta ce da ni, "ka karɓi wayoyin. Kai kuma mai babur, in ka koma, ka san gidajen da suke da ita a garinku?"

Ya ce zai tambaya. Ta ce to ya miƙo tasa wayar ma, a sa masa ya tafi da shi.